Dogon da Ya Tsaya a Ƙauran Namoda

Babu dattijon da zai ce ya taɓa jin kukan jirgin ƙasa daga ɗakin kwanansa a Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum. Ko taku ɗaya na dogo ba a taɓa shimfiɗawa a waɗannan ƙasashe ba. Amma a zauna da waɗanda suka haura saba'in a ɗauko zancen gyaɗa da auduga, ba za a yi nisa ba sai jirgi ya shigo cikin hirar. Wannan ya kai kaya tashar Gusau tare da mahaifinsa, wancan ta nan ya tafi cin rani Kurmi, wani kuma a nan ya fara ganin kan jirgi yana fesa tururi, har ya ja da baya don tsoro. Jirgin da bai taɓa zuwa garinsu ba ya shiga rayuwarsu ta ƙofar kasuwa, ta ƙofar haraji, ta ƙofar tafiye-tafiye, kuma mutuwarsa ta shafe su kamar yadda ta shafi wanda gidansa ke bakin tasha.

Labarin ya faro ne daga nesa. Turawan Ingila sun fara gina dogo daga Ikko a 1896, ya kai Ibadan a 1901, ya kai Jabba a 1909. A nan Arewa kuwa, Gwamna Girouard ya sa aka ja wani layin daga Baro, a bakin kogin Kwara, tun 1907, ya bi ta Minna da Kaduna da Zariya, ya shiga Kano a 1911. Ba da inji aka yi aikin ba. Da diga da shebur da kwando aka yi shi, da ƙarfin talakawan da aka riƙa ɗibowa ta hannun sarakuna da hakimai, da yawansu ba da son ransu ba. A 1912 aka haɗe layukan biyu ƙarƙashin hukuma ɗaya.

Auduga Turawa suka sa wa rai, don masaƙun Lankasha na can Ingila suna neman ta ido rufe. Manoman Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, wadda idan kasuwa ta faɗi ko an shiga yunwa ana iya ci. A 1913 kaɗai sai da gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta haura tan dubu 19, har tashar Kano ta rasa inda za ta zuba buhuna. Daga nan hukuma ta gane cewa duk inda dogo ya shiga ƙasar noma, kuɗi zai fito. Sai ido ya koma kan ƙasar kudancin Katsina da gabashin Lardin Sakkwato, inda baƙar ƙasa ke karɓar auduga, jigawa kuma ke karɓar gyaɗa.

Haka aka ja reshe daga Zariya, ya ratsa Funtuwa, ya bi ta Tsafe, ya sauka Gusau a 1927. Bayan shekara biyu, a 1929, ya kai Ƙauran Namoda, garin da ke ɗauke da sunan Namoda, ɗaya daga cikin jaruman da suka jagoranci yaƙin da aka ci Alƙalawa a 1808. Tsawon reshen kimanin kilomita 220 ne. A nan ya tsaya, kuma a nan yake tsaye har yau.

Shekarar da ya tsaya ɗin ita ce shekarar da kasuwannin duniya suka rushe. Farashin gyaɗa da na auduga suka faɗi warwas, aljihun gwamnatin mulkin mallaka ya bushe. Bayan an kai reshen Kano zuwa Nguru a 1930, ba a sake jan wani dogon layi a Arewa ba sai na Barno, wanda aka fara a 1958 ya isa Maiduguri a 1964. Sakkwato, hedikwatar lardi kuma cibiyar daula, ba ta samu ba, balle garuruwan yammacin Zamfara. Kusan shekara ɗari ke nan ana cewa za a ƙarasa.

Abin da wannan tsayawa ta yi wa ƙasar Zamfara ya fi ƙarfin maganar sufuri. Kafin zuwan Turawa, yamma ba lungu ba ce. Anka ce mazaunin Sarkin Zamfara, inda sarautar ta tare bayan Gobirawa sun rushe Birnin Zamfara a ƙarni na 18, ta yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan. Gummi na zaune a kan fadamar gulbin Zamfara, fuskarta na kallon Jega, babbar kasuwar da fatake ke yada zango kafin su ƙetare Kwara su nufi Gwanja neman goro. Ayarin jakai da takarkarai da ke ratsa yammacin ƙasar Hausa yana barin arziki a duk inda ya kwana: mai masauki ya samu, mai sayar da ciyawa ya samu, mai tuwo ta samu, sarki ya karɓi fito. Da dogo ya iso Kano, sai goro ya canja hanya. Aka riƙa ɗauko shi ta teku zuwa Ikko, a loda a tarago, cikin 'yan kwanaki ya iso Arewa da ɗanyensa, maimakon watannin da madugu ke yi a hanya. Daga baya ma ƙasar Yarabawa ta shiga noman goron da kanta. Tsohuwar hanyar yamma ta yi sanyi.

A gabas kuwa, Gusau ce ta tashi. Gari ne da Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa a farkon ƙarni na 19, yana da tarihinsa da malamansa, amma ba shi ne kan gaba a wannan yanki ba. Zuwan jirgi ya jawo kamfanonin Turawa irin su John Holt da UAC suka buɗe kantuna da rumbunan saye, Kwarori suka biyo baya, Yarabawa da Ibo da Nufawa suka cika Sabon Gari a matsayin akawuna da masu gyaran inji da 'yan kasuwa. Aka kafa injin gurzar auduga, daga baya masaƙa ta zo a shekarun 1960. Ran da aka ƙirƙiro jihar Zamfara, 1 ga Oktoba 1996, sunan na tsohuwar daular da gadonta ke Anka ne, amma hedikwata Gusau aka kai. Duk wanda ke neman dalili, ya fara duba inda aka ajiye tasha a 1927.

To, yaya manomin Bukkuyum ko na Anka yake cin moriyar jirgin da ke nesa da shi? Da ƙafa da bayan jaki, a farkon lamari. Tsakanin Anka da Gusau kimanin kilomita 80 ne a miƙe, Gummi kuwa ta ninka haka. Da kaka ta yi, an cire gyaɗa an ɓare, an tsince auduga, sai a ɗaura wa jakai mangala a kama hanya tun da asuba, ana kwana a zango. Wanda ba shi da dabba ya sayar wa ɗan baranda a kasuwar ƙauye, shi kuma ya tara ya kai wa wakilin kamfani. A bakin sikeli ake yin ta. Akawu ya zura wani ƙarfe mai kogo a cikin buhu ya zaro ƙwaya ya duba ko da tsakuwa ko danshi, ya ɗora a ma'auni, ya faɗi nauyin da manomi ba shi da hanyar tantancewa. Abin da aka miƙo masa, kaso na farko na haraji ne, don tun da Bature ya ce da tsabar kuɗi za a biya, noman sayarwa ya zama dole. Ragowar ta tafi ga gishiri da kananzir da akoko da turmin atamfa, waɗanda su ma a taragon da zai kwashi gyaɗar suka zo. Kuɗin ɗauko kaya daga nesa kuwa a jikin manomi yake fita, shi ya sa buhun da aka noma a Gummi bai taɓa kawo wa mai shi abin da na Tsafe ke kawowa ba. Da manyan motoci suka yawaita bayan Yaƙin Duniya na Biyu, hanyar da ta taso daga Gummi ta bi ta Daki Takwas da Anka ta faɗa titin Sakkwato a Mayanci ta zama igiyar da ke ɗaure yamma da tashar Gusau.

Ba amfanin gona kaɗai ba. Fatu da ƙiraga sun bi ta nan, musamman fatar jan akuyar Sakkwato da masu jima na Turai ke rububi. Shanu sun hau tarago zuwa mahautan Kudu. A shekarun 1930, da darajar zinariya ta tashi a duniya, masu haƙa sun bazu a dazukan Lardin Sakkwato, har da ƙasar Anka da Bukkuyum, kuma tashar Gusau ce ƙofar shigowarsu da kayan aikinsu. Mutane ma haka: ɗan cin rani, da almajiri mai neman ƙarin karatu a Zariya, da sojan da aka ɗauka zuwa yaƙin Bama, da ɗan makarantar da ya ci jarrabawar shiga kwaleji. Ga yawancinsu, dandamalin tashar Gusau ne wuri na ƙarshe da suka ji ana magana da irin harshen gida kafin su shiga duniya.

Yaran yau da suka san jirgi a waya kawai ba za su gane irin hidimar da ke bayan tafiyarsa ba. Kan jirgi na wancan zamani da kwal da ruwa yake aiki. Kwal ɗin daga Inugu ake kawo shi, inda aka fara haƙarsa tun wajen 1916. A loko, wato rumfar da kawunan jirgi ke kwana, aiki ba ya yankewa dare da rana. Sa'o'i kafin tashi ake hura wuta a cikinsa, a bar tukunyar ta yi zafi sannu a hankali har tururi ya taru. Wani ya shiga ramin da ke ƙarƙashinsa ya kwashe toka, wani ya bi gaɓoɓinsa da butar mai yana ɗiga wa kowace mahaɗa, wani ya bi ƙafafun da guduma yana ƙwanƙwasawa, don daga amon ƙarfe ake gane wanda ya tsage. A hanya, mai zuba kwal yana tsaye bayan direba da shebur, gumi na zuba, yana ciyar da wutar da ba ta ƙoshi. Jirgi kan tsaya a tashoshin da ke da tankin ruwa a bisa ƙafafun ƙarfe, a juyo masa da bututu ya sha ya ƙoshi kafin ya ci gaba. Babbar loko ta wannan yanki tana Zariya, inda layukan suka haɗu, kuma unguwannin ma'aikatan reluwe na cikin abin da ya raya Sabon Garin Zariya.

Layin guda ɗaya ne, mai zuwa da mai dawowa duk a kansa suke bi, sai a tasha ake kauce wa juna. Don kada jirage biyu su yi karo, akwai wata alama ta ƙarfe da shugaban tasha ke cirowa daga na'ura ya miƙa wa direba. Muddin tana hannunsa, na'urar ba za ta saki wata ba, hanyar tasa ce shi kaɗai har ya kai tasha ta gaba ya miƙa ta. Da wannan dabara da wayar tangaraho aka yi shekaru ana tafiyar da jirage a dajin da babu lantarki. Ma'aikatan nan sun san darajar kansu. A yajin aikin gama-gari na 1945, wanda Michael Imoudu ya yi fice a cikinsa, sai da suka tsayar da ƙasar fiye da kwana arba'in, Bature ya ji a jikinsa.

Ganiyar abin ta zo ne gab da samun 'yancin kai da 'yan shekarun bayansa. An kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya a 1955, kuma a 1964 ta ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Daga nan aka fara gangara. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya raba hukumar da ɗimbin ƙwararrun ma'aikatanta, ya yanke layin Gabas da ke kawo kwal. Farin farkon shekarun 1970 ya zo, cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa abin da ya rage, dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano. Kuɗin man fetur ya sa gwamnati ta karkata ga shimfiɗa kwalta, tirela ta ƙwace kayan da tarago ke ɗauka, tunda ita har ƙofar rumbu take zuwa. An ɗauko ƙwararru daga Indiya a 1979 suka riƙe hukumar na 'yan shekaru, abubuwa suka ɗan farfaɗo, suna tafiya aka koma gidan jiya. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, waɗanda su ne manyan masu ba jirgi kaya. Reshe irin na Ƙaura, wanda don gyaɗa da auduga aka gina shi, shi ne farkon wanda ya ji yunwa. Jirgin kullum ya koma na wasu ranaku, na wasu ranaku ya koma sai an gani, har ciyawa ta rufe dogo.

An yi yunƙurin tayar da shi. Gwamnatin Abacha ta ba wani kamfanin ƙasar Sin kwangilar gyaran layukan ƙasar a 1995, a zamanin Jonathan kuma an sake ba da aikin gyaran layin Zariya zuwa Ƙaura, har aka yi maganar nazarin sabon layi da zai wuce Sakkwato da Illela ya kai Birnin Ƙonni a Nijar. Duk da haka babu wani ɗan kasuwar Gusau da zai ce maka yau da jirgi yake lissafin kayansa. A wurare da dama a Arewa ɓarayi na kwance ƙarafan dogo suna sayar wa masu narkarwa, filayen reluwe kuma ana ta cin su da gine-gine da shaguna.

Wanda ke ganin layin dogo ba ya ɓacewa ɗungurum, ya tambayi mutanen Soba da Dutsen Wai da Rahama. Ta garuruwansu ne wani siririn layi ya bi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, wanda aka kammala a 1914 don kwaso kuza. Faɗinsa ƙafa biyu da rabi ne kacal, ga shi da tafiyar hawainiya. Da babban layi ya isa Jos ta Kafanchan a 1927 sai kasuwarsa ta mutu, aka rufe shi a 1957, aka kwashe ƙarafan. Yau sai wanda ya sani ne zai nuna maka tudun da ya bi ko gindin wata gada a cikin gona. Abin da ya tsira shi ne 'yan kawunan jirgi da taragun da aka ajiye a gidan tarihi na Jos. Shekara 43 ya yi yana aiki, amma jikokin waɗanda suka hau shi da yawa ba su san an yi shi ba. Babu abin da ya hana reshen Ƙaura bin wannan hanya in aka ci gaba da zuba ido.

Kuma yanzu ne yammacin Zamfara ya fi kowane lokaci jin zafin rashinsa. Shinkafa da albasa da rake na fadamar Gummi, da dawa da wake da waken suya na Anka da Bukkuyum, duk a kan titi ɗaya suke fita, titin da direbobi ke bi da addu'a a baki saboda 'yan bindiga. Kowane shinge da kowane tsoro ƙarin kuɗin mota ne, kuma a kan manomi da mai saye yake ƙarewa. Nisa daga idon hukuma ma yana da farashinsa. A 2010, gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, kafin duniya ta farga. Babu mai cewa jirgi ne maganin wannan duka. Harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 ya nuna cewa dogo ma sai da tsaro. Amma yankin da aka bari a ƙarshen hanya shekara ɗari, ba abin mamaki ba ne ya zama inda kowace masifa ke samun wurin ɓuya.

Sabbin layukan da ake yi yanzu masu faɗi ne, na zamani. Na Abuja zuwa Kaduna ya fara aiki a 2016, na Kano zuwa Maraɗi kuma, mai kilomita 284, an aza harsashinsa a 2021, zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Abin farin ciki ne ga waɗannan garuruwa. Sai dai taswirar ta sake tsallake Zamfara da Sakkwato da Kabi, jihohi uku da miliyoyin manoma. Wakilan wannan yanki a majalisun tarayya suna da hujjar da ta fi ta kowa ƙarfi, kuma bai kamata maganar ta tsaya a kan farfaɗo da Gusau da Ƙaura kawai ba. Duk layin da za a ja zuwa Sakkwato ko Birnin Kabi, ya dace a tambaya tun a takarda ko ta ina zai kusanci kwarin gulbin Zamfara, inda abincin yake.

Kafin wannan, akwai aikin da ba ya buƙatar biliyoyi. A Ebute Metta ta Legas, wata ƙungiyar masu kishin tarihi ta gyara wani tsohon gidan reluwe, wanda ake kira Jaekel House, ta mai da shi gidan tarihi mai hotuna da kayan aikin da. Gine-ginen tashar Gusau da ta Ƙauran Namoda sun cancanci irin wannan kulawa tun ba su zube ba. Takardun Lardin Sakkwato suna nan a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, wasu kuma a cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, suna jiran mai buɗewa. Jami'ar Tarayya ta Gusau da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura suna da ɗaliban da ke neman abin da za su yi bincike a kai, ga shi a ƙofar gidansu.

Mafi gaggawa su ne mutanen. Tsofaffin direbobi da masu gyaran dogo da 'yan dakon tasha, da dattawan Anka da Gummi da Bukkuyum da suka kora jakai zuwa sikeli suna yara, kullum raguwa suke yi. Duk mai irin wannan kaka a gida, ya zauna da shi da wayarsa ya ɗauki muryarsa: wace hanya suka bi, ina suka kwana, nawa aka sayi buhu, wa ya saya. Masarautun nan uku kuma su sa a tattara abin da aka ɗauka a ajiye a wuri ɗaya, tun masu ba da labarin suna raye.